Tambaya da Amsa: Inshorar Ran Sojojin Ko-ta-kwana a Amurka, Wa Ke Zubi, Wa Ke Kwasa?

Wasiƙun wannan fitowa kusan duk a kan abu ɗaya suka taru. 'Ya'yanmu da ƙannenmu da ke zaune a Amurka suna shiga rundunonin ko-ta-kwana: mutum na aikinsa na farar hula, ya je atisaye ƙarshen mako ɗaya a wata da mako biyu a shekara, har ranar da takardar kira za ta iso a ce ya ajiye komai ya sa kaki. A ranar ne iyali ke fara tambayar abin da doka ta tanada idan ta Allah ta kasance. Mun zaɓi bakwai daga cikin wasiƙun.

Tambaya: Ɗana direban babbar mota ne a jihar Ohio, kuma yana cikin rundunar National Guard, wato dakarun ko-ta-kwana na jiha. An kira su aiki a ƙasar waje na wata tara. Ya ce mini gwamnati ta yi masa inshorar rai. Da gaske gwamnati ce ke biya, ko daga albashinsa ake cira? Daga wani uba a Maraɗi.

Amsa: Baba, Allah ya kai shi lafiya, ya dawo da shi lafiya. Maganar ɗanka gaskiya ce, amma da sauran bayani.

Inshorar ana kiranta SGLI. An kafa ta a 1965, lokacin yaƙin Vietnam, saboda kamfanonin inshora ba sa son ɗaukar nauyin mutumin da za a kai bakin daga. Ma'aikatar Kula da Tsofaffin Sojoji ce ke sa ido a kanta, kamfanin Prudential kuma shi ke riƙe da ofishin biyan kuɗin. Mafi yawan abin da ake biya shi ne dala 500,000 tun daga 1 ga Maris 2023. Kafin nan dala 400,000 ne tun 2005. Soja na iya rage nasa, dala 50,000 bayan dala 50,000, ko ya ce ba ya so gaba ɗaya. Muƙami ba ya shiga lissafin. Kurtu da janar kuɗi ɗaya, zubi ɗaya, saɓanin inshorar ma'aikata a Najeriya da ake ɗaurawa a kan ninki uku na albashin shekara.

A lokacin zaman lafiya sojan ne ke zubi. Tun Yulin 2025 ana cire santi 5 a kan kowace dala 1,000, wato dala 25 a wata ga mai cikakkiyar inshora, sai dala 1 ta inshorar rauni, jimilla 26. Hannun gwamnati yana shigowa ta ƙofa uku. Ta farko, doka ta ɗora wa gwamnatin tarayya biyan duk ƙarin asarar da ta samo asali daga haɗarin aikin soja, shi ya sa zubin bai tashi da tashin yaƙi. Ta biyu, wanda aka tura yankin da aka ayyana a matsayin fagen yaƙi ana ci gaba da cire masa kuɗin, amma ana mayar masa da shi a matsayin alawus, a takardar albashi ɗaya. Ta uku ita ce ta jihohi. New Mexico ce ta fara, a 2005, da dokar mayar wa dakarunta na National Guard kuɗin zubinsu daga baitulmalin jiha, wasu jihohi suka bi sahu, Ohio da New York na cikinsu, kowace da nata sharuɗɗan. Wannan ta ukun ita ce ake yawan asara, domin a mafi yawan wurare sai soja ya cike fom ya haɗa da takardun albashinsa ya miƙa wa ofishin rundunar jiharsa. Ka ce wa yaron ya tambayi magatakardan bataliyarsu kafin su tashi, kuma ya adana takardar albashin kowane wata.

Kada a rikita wannan da wata da ake kira SSLI, wadda ƙungiyoyin dakarun jihohi ke tallatawa a wurin atisaye. Sunanta na nuna kamar jiha ce ke ɗaukar nauyi, alhali banda ɗan ƙaramin kaso na kyauta da wasu jihohi ke bayarwa, sauran daga aljihun soja yake fita.

Tambaya: Mijina ya rage inshorarsa zuwa dala 100,000 shekara biyu da suka wuce don a rage abin da ake cire masa. Yanzu an kira shi aiki. Zai iya mayar da ita sama? Daga wata matar aure a Bronx, New York.

Amsa: 'Yar'uwa, ya duba takardar albashinsa ta watan farko, da alama an riga an mayar. Idan sojan ko-ta-kwana ya sauya matsayi daga mai atisaye zuwa mai cikakken aiki, inshorarsa tana komawa mafi girma da kanta, ba tare da tambayar lafiyarsa ba. Sannan tun Agustan 2018 duk wanda aka tura fagen yaƙi ana ɗaga tasa zuwa ƙololuwa ko da ya taɓa cewa ba ya so, sai ya dawo ta koma inda ya ajiye ta. Da a ce yana gida ne ya nemi ƙari da kansa, sai ya amsa tambayoyi kan lafiyarsa, kuma ana iya hana shi. Bugu da ƙari, doka ta ce idan mai aure ya rage inshorarsa ko ya ƙi ta, rundunar ta aika wa matarsa takardar sanarwa. Izininki ba sharaɗi ba ne, sanar da ke kawai ake yi.

Tambaya: Ni soja ne a Army Reserve. Ina da mata da 'ya'ya biyu a nan Houston, iyayena kuma suna Kano. Ina so in Allah ya karɓi raina a raba kuɗin yadda shari'a ta ce. Na rubuta wasiyya a kan haka. Ta wadatar?

Amsa: Malam, ba ta wadatar ba, kuma a nan ne mafi yawan iyalai ke shiga rigima.

Kuɗin SGLI ba sa bin wasiyya. Suna bin sunayen da ka shigar a rajistar SOES ta intanet, wadda ake shiga ta shafin milConnect, ko a fom SGLV 8286 ga waɗanda har yanzu ke amfani da takarda. Abin da ke rubuce a nan ranar da ka cika, shi za a bi. Kotun Ƙolin Amurka ta yanke wannan tun 1981 a shari'ar Ridgway: wani saje ya saki matarsa, kotun jihar Maine ta umarce shi ya bar inshorar don 'ya'yansa, ya sake aure ya sauya rubutun, da ya rasu kuɗin suka tafi ga amarya, kotun ta ce dokar tarayya ta fi ƙarfin hukuncin saki na jiha. Abin da ya fi ƙarfin hukuncin alƙali, wasiyyar da ke cikin durowa ba za ta ture shi ba.

Idan ba ka rubuta kowa ba, ko ka zaɓi a bi doka, jerin a tsaye yake: mata ita kaɗai ta kwashe duka; in babu mata, 'ya'ya su raba daidai-wa-daida, namiji da mace kaso ɗaya; in babu 'ya'ya, iyaye; sannan mai kula da dukiyar mamaci; sannan sauran dangi. Ka ga a halin da kake ciki, mahaifiyarka da mahaifinka ba za su ga ko sisi ba sai abin da suruka ta ga dama ta miƙa musu.

Ko kuɗin inshora gado ne ko kyauta ce ga wanda aka ambata, wannan fagen malamai ne kuma sun yi saɓani, ka tuntuɓi wanda ka yarda da iliminsa. Amma in ka ƙudurta bin rabon gado, hanya mafi sauƙi ita ce ka rubuta kason da hannunka. Mu ɗauka 'ya'yan naka namiji ne da mace. Daga dala 500,000, mata tana da sumuni, dala 62,500. Uwa sudusi, uba sudusi, kowanne dala 83,333. Abin da ya rage, kimanin dala 270,833, a kasa uku: ɗa 180,556, 'ya 90,278. A rajistar da kaso cikin ɗari ake rubutawa kuma dole jimilla ta cika 100, don haka za ka ɗan daidaita ɓurɓushin. Illar wannan hanya ita ce rubutun ba ya motsi da kansa. An yi haihuwa, ko ɗaya daga cikin iyaye ya riga ka, lissafin ya rushe, sai ka koma ka gyara.

Sai maganar yara. Ba a danƙa wa wanda bai kai shekarun balaga na doka ba kuɗi a hannu. In ka rubuta sunan yaro ɗan shekara shida kawai, kuɗinsa za su tsaya har kotu ta naɗa masa waliyyi, da kuɗin lauya da watannin jira. Mafita ita ce ka ambaci babban da zai riƙe masa a ƙarƙashin dokar riƙon dukiyar yara ta jiharku, ko ka kafa asusun amana ka sa sunan asusun. Ofishin lauyoyin soja yana yi wa wanda aka kira aiki wannan kyauta, kuma suna zama a wurin tantancewa kafin tafiya. Wasu kan ce a rubuta "dukiyata" a matsayin mai karɓa domin wasiyya ta yi aiki. Yana yiwuwa, amma mu ba mu cika ba da wannan shawara ba: kuɗin da aka biya mutum kai tsaye masu bin mamaci bashi ba sa iya taɓa su, waɗanda suka faɗa cikin dukiyar gado kuwa sai sun bi ta kotu, kuma can ne masu bashi ke jira.

Abu biyu kuma. In auren naku a masallaci kawai aka ɗaura ba ku yi rajista ba, wasu jihohi ba za su ɗauke ta a matsayin matarka ba, don haka ka rubuta cikakken sunanta, kada ka dogara da kalmar "mata" a jerin doka. Kuma in ka taɓa barin aiki ka dawo bayan tazarar fiye da kwana ɗaya, ko ka koma wata runduna, misali daga sojan ƙasa zuwa na sama, tsohon rubutun ya mutu, sai sabo.

Tambaya: Idan an rubuta sunana ni da nake Kumasi, ba ni da takardar zama a Amurka, ban ma taɓa zuwa ba, za a ba ni? Ta yaya? Daga wata uwa.

Amsa: Hajiya, za a ba ki. Dokar ba ta ce sai ɗan ƙasa ko mazaunin Amurka ba. Soja na da ikon rubuta duk wanda ya so a duk inda yake.

Yadda abin ke tafiya shi ne, rundunar tana naɗa wa iyali jami'in da zai bi musu takardu. Ita ce ke fitar da rahoton rasuwa, fom DD 1300, ta tabbatar wa ofishin inshorar adadin kuɗi da sunayen da aka rubuta. Ke kuma ki cike fom SGLV 8283 ki sa hannu. Ana biya gaba ɗaya, ko kashi 36 wata-wata. In soja ya zaɓa miki kashi-kashi, ba za ki iya sauyawa ba, in kuwa gaba ɗaya ya zaɓa ko bai ce komai ba, zaɓi naki ne. Gwamnatin Amurka ba ta cire harajin shiga a kan ainihin kuɗin.

Inda ake tuntuɓe shi ne suna da adireshi. Yaro ya rubuta sunan da ya tashi yana jin ana kiran mahaifiyarsa da shi, Ladi ko Talatu ko Azumi, alhali fasfo da katin ɗan ƙasa suna ɗauke da sunan yanka. Ko ya rubuta adireshin "bayan tsohuwar kasuwa" ba lambar waya. Ki aika masa hoton katinki ya kwafe harafi da harafi, da ranar haihuwar da ke jiki, da lambar waya biyu. Takardun da ke cikin Faransanci ko Larabci, kamar na 'yan Nijar da Chadi da Sudan, za a nemi fassararsu. Jinkiri kuma yana da iyaka: in shekara ɗaya ta wuce wanda aka ambata bai nema ba, doka ta yarda a biya na gaba da shi a jeri kamar shi ya riga sojan rasuwa.

Neman kuɗin nan ba a biyan komai. Duk wanda ya kira ki ya ce ki turo kuɗin buɗe fayil ko na kwastan kafin a saki dala, ɗan damfara ne.

Tambaya: Na ji ana maganar wata dala 100,000 daban. Ita ce inshorar ko wata ce? Daga wani mai karatu a Columbus.

Amsa: Wata ce. Garatutin rasuwa ne, kuma shi ne kuɗin da gwamnati ke biya zalla daga aljihunta, soja bai zuba ko santi ba. Ba haraji a kansa, kuma an tsara shi ya fito cikin 'yan kwanaki don iyali su samu na kashewa kafin sauran haƙƙoƙi su iso. Ana biyansa idan soja ya rasu yana cikakken aiki, ko yana atisaye, ko a hanyarsa ta zuwa atisayen ko dawowa. Sunayen masu karɓarsa a fom DD 93 ake rubutawa, kaso goma-goma cikin ɗari, kuma gyara rajistar inshora ba ya gyara wannan fom ɗin. Mutum ya gyara ɗaya ya manta ɗaya, sai tsohuwar mata ta karɓi na nan, sabuwa ta karɓi na can.

Ga 'yan National Guard akwai wani ƙulli. Iri uku ake kiransu: shugaban ƙasa ya kira su a ƙarƙashin babi na 10 na dokokin tarayya, ko su yi aiki a hannun gwamna da kuɗin tarayya a ƙarƙashin babi na 32, ko gwamna ya kira su da kuɗin jiha, don ambaliya ko gobarar daji ko tarzoma. Na farko da na biyu garatutin tarayya yana aiki. Na uku ba ya aiki, sai abin da dokar jihar ta tanada, wata jihar da yawa, wata kaɗan. SGLI ita kam ba ruwanta da wannan rabe-rabe. Duk wanda ke cikin rukunin da aka tsara masa aƙalla zaman atisaye 12 a shekara (ƙarshen mako ɗaya zama huɗu ne, ka ga kusan kowa ya haye) inshorarsa na aiki dare da rana duk shekara, ko a gadonsa ya cika, ko a haɗarin mota yana hanyar kasuwa. A takardar kira ake ganin babin da aka kira mutum a kai. Iyali su ajiye kwafi. Waɗanda kan zo ƙasashenmu horar da sojoji, irin dakarun California da ke ƙawance da Najeriya ko na North Dakota da Ghana, da takardar tarayya suke zuwa.

Tambaya: Akwai abin da ke sa a hana kuɗin? An ce mini in soja bai sa hular kwano ko rigar sulke ba lokacin da aka harbe shi, ba a biya. Daga wani ɗalibi a Zariya.

Amsa: Wannan jita-jitar bariki ce. Hular kwano, bel ɗin mota, yaƙi, harin ta'addanci, har wanda ya kashe kansa, babu ɗaya da ke soke SGLI. Abin da ke soke ta ƙalilan ne: tawaye, cin amanar ƙasa, leƙen asiri, gudu daga aikin soja, ƙin yin aiki ko ƙin sa kaki bisa hujjar aƙida, da wanda aka zartar wa hukuncin kisa. Wanda ya ɓace ba izini kuma, inshorarsa tana yankewa a ƙarshen kwana na 31.

Abin da ya fi kama 'yan ko-ta-kwana shi ne bashin zubi. Daga kuɗin atisaye ake cirewa; in mutum ya yi watanni bai je ba, babu albashin da za a cira, bashi na taruwa. In ya wuce kwana 60 bai biya ba, rundunar na iya aika masa takardar gargaɗi, bayan wasu kwana 60 a yanke. Mutanenmu masu zuwa gida su yi wata huɗu ko biyar, takardar na can a akwatin gidan waya, su lura.

Tambaya: Ƙanena ya dawo daga aiki da ƙafa ɗaya, kuma za su sallame shi. Inshorar tana da wani amfani ga mai rai? Ina kuma labarin wadda ya saya da kuɗinsa a wani kamfani tun kafin a kira shi? Daga wata yaya a Yamai.

Amsa: Allah ya ba shi lafiya, ya sa kaffara ne. Dala ɗayan nan da ake ƙarawa a zubi ita ce ta irin wannan rana. Sunanta TSGLI, ta fara aiki 1 ga Disamba 2005, tana biyan daga dala 25,000 zuwa 100,000 gwargwadon raunin. Yanke ƙafa ɗaya ko hannu ɗaya 50,000 ne, makantar ido biyu 100,000, kwanciya asibiti kwana 15 a jere sakamakon raunin 25,000. Sharaɗi shi ne rauni ne daga waje, kamar fashewa ko haɗari, mutum ya rayu cikakkun kwana bakwai bayansa, kuma asarar gaɓar ta faru cikin shekara biyu. Fom ɗin SGLV 8600 ne, kashi biyu: na soja da na likita. Yawancin waɗanda ake mayarwa, ɓangaren likitan ne bai fayyace ranaku da irin taimakon da majinyaci ke buƙata wajen wanka, sa tufafi da cin abinci ba. Ya zauna da likitan su cike tare, da takardun asibiti a gabansu.

Bayan sallama, SGLI tana ci gaba kyauta kwana 120. In raunin ya hana shi kowane irin aiki, zai iya neman a tsawaita masa kyauta har shekara biyu, amma sai ya nema. Daga nan sai ya koma VGLI ta tsofaffin sojoji. Yana da shekara ɗaya da kwana 120 ya nema, sai dai lambar da za ki rubuta masa a bango ita ce 240: in ya nema cikin kwana 240 da sallama ba a tambayar lafiyarsa, in ya wuce sai ya kawo shaidar ƙoshin lafiya, mai irin rauninsa kuwa wannan ƙofa na iya rufe masa. Zubin VGLI yana hawa da shekaru, don haka ya ɗauki adadin da zai iya riƙewa har tsufa. Inshorar iyali ma, dala 100,000 ta mata da 10,000 ta kowane yaro (ta yaron ce ba a biyan komai a kanta), tana ƙarewa kwana 120 bayan sallama. Ta matar ana iya juya ta zuwa ta kamfani a cikin wannan wa'adi.

Ta kamfanin kuwa, dokar sauƙaƙa wa sojoji ta SCRA ta ba wanda aka kira aiki damar neman gwamnati ta tsaya masa kada inshorar ta mutu saboda rashin zubi, muddin ta kai kwana 180 tana aiki kafin kiran, kuma babu sharaɗin da ya rage biya saboda aikin soja a cikinta. Lamuni ne, ana bin sa kuɗin daga baya, yana da shekara biyu bayan gama aiki ya biya. In bai nemi wannan kariya ba lokacin da ya tafi, ya kira kamfanin yanzu ya ji ko inshorar na raye, ya kuma nemi a turo masa cikakkiyar yarjejeniyar ya karanta sashen da ya yi magana kan yaƙi da tafiya a jirgin soja.